Gyaran gidanmu na Fanisau, daga kaka zuwa faɗuwar damina

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Yau mun zauna a zauren Baffa a Gwammaja, mu goma sha ɗaya, kan gidan kakanmu na Fanisau. Shekara ashirin da shida da rasuwar Malam, ba a raba gadonsa ba. Cikin 'ya'yansa bakwai, huɗu sun bi shi, har da mahaifinmu, don haka gado ya hau kan gado. Rabon kowane mamaci sai an sake kasa shi tsakanin matansa da 'ya'yansa. Malamin da Baffa ya gayyato ya cika shafi uku da lissafi kafin a kira la'asar.

Abin da ya taso da maganar, dillali ne ya kawo tayi. Wani ɗan kasuwa yana son wurin, zai rushe, ya yi shaguna ta bakin hanya, ɗakunan haya ta baya. Naira miliyan 18. Yadda aka kai ga kuɗin ne ya tsaya mini a wuya. An auna tsawo da faɗi, aka ce fuloti huɗu ne na hamsin-hamsin, aka yi musu kuɗi, sannan aka cire kuɗin rusau da na kwashe ƙasa. Zaure mai ɗaurin guga, soro biyu, ɗakuna biyar da rijiya, duk ba su ƙara wa gidan sisi ba. A idon mai saye, ɗawainiya ce ma za a bar masa.

Gwaggo ce kaɗai ta rage a gidan, ita da jikanta ɗaya. Ba ta ce uffan ba sai da kowa ya gama. Ta gyara lulluɓi ta ce, "Ku sayar, haƙƙinku ne. Amma ku yi haƙuri har a fitar da ni ta zauren nan."

Na ce zan sayi rabon duk mai son sayarwa. Malamin ya ce ina da wannan dama, ita ce shuf'a: muddin ba a raba gida ba, abokin tarayya ya fi bare cancantar karɓar rabon ɗan'uwansa, a kan farashin da baren ya bayar. Baffa ya ba ni zuwa ƙarshen shekara.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Na bi ta Jaba da sassafe. Muna yara, da ka wuce filin jirgi sai gonaki, gero da dawa sun rufe mutum, jakuna na bin hanya a jere. Su shiga birni da itace da kara, su komo da mangala cike da taki. Da sharar birni ake ciyar da gonakin nan, shi ya sa ake noma su kowace shekara ba hutu, ba su gaji ba. Yau daga Gwammaja har ƙofar gidanmu da wuya idona ya rabu da bulo.

Wanda bai san garin ba zai ɗauka wata unguwa ce da birni ya haifa jiya. Fanisau kuwa ta ƙaramar hukumar Ungogo tsohon gari ne. Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846, ya mai da shi ribaɗi, sansanin da ke tsare birni ta arewa a zamanin da ake fafatawa da Ɗan Tunku. Da Baturen Birtaniya Kilafaton ya iso Kano a 1824, Fanisau ya fito ya gana da Sarki. Gandun Sarki ya kewaye garin, bayi da yawa suka zuba guminsu a cikinsa. Gidan Sarki yana nan har yau, shi ne ake zuwa hawan Fanisau bayan Sallah. Malam yakan ɗora ni a kafaɗa in hango dawaki ta saman kawunan mutane.

Na zauna a rumfar dillalai kusan awa biyu, ina sauraro. Hirarsu duk ƙafa ce: hamsin da hamsin, hamsin da saba'in da biyar, na kan kwana ya fi tsada, mai kallon titi ya fi na lungu. Galibin abin da suke sayarwa awon igiya ne. Mai gona ya sallama, a zo da igiya a yanka ta gunduwa-gunduwa, a kafa turaku, a bar 'yar hanyar da mota ɗaya za ta bi da ƙyar. Ba magudanar ruwa, ba filin makaranta, ba na maƙabarta, don duk taƙin da aka bari kuɗi ne aka yar. Awon gwamnati ya fi tsari, amma ya fi ƙarfin mai ƙaramin albashi. Na tambayi ɗayansu ko an taɓa zuwa neman tsohon gidan ƙasa don a zauna a ciki. Ya ce, "Alhaji, ƙasa ake saye, ba tarihi ba." Ba da raini ya faɗa ba, abin da kasuwarsa ta koya masa ke nan.

Asabar, 14 ga Disamba

Na sayar da fulotina na Rijiyar Zaki, wanda na yi shekara tara ina tanadin ginawa. Uwargida ta yi kwana biyu ba ta ce mini komai a kai ba, rana ta uku ta ce in dai Gwaggo za ta kwana da kwanciyar hankali, ta yafe. Allah ya saka mata.

Yaya bai yarda da ni ba, kuma hujjarsa mai ƙarfi ce. Ya ce, "Kai kana da albashi. Ƙannenmu mata fa? Ɗaya haya ta ci ƙarfinta, ɗaya marayu huɗu take riƙo. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 wa ya huta? Kar ka sa su ji kunyar karɓar haƙƙinsu." Na karɓi wannan. Duk wanda ya ce zai sayar, ban tambaye shi dalili ba. Takwas za su sayar. Baffa da Gwaggo sun bar nasu a ciki, ni ma haka.

Makon jiya aka ji a rediyo cewa UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin al'adun duniya da ake adanawa. Na yi murna ƙwarai. Sai dai ina ta tunanin garuruwan da dawakin ke zuwa, ko za su iske wani abu a tsaye nan da shekara ashirin ban da gidan Sarki shi kaɗai a tsakiyar shaguna.

Asabar, 28 ga Disamba

An yi ciniki a gaban dagaci, da mai unguwa da shaidu huɗu, biyu cikinsu maƙwabtan da muka haɗa katanga. Na durƙusa na yi gaisuwa, "Ranka ya daɗe, jikan Malam ne." Ya ce ya san ni tun ina rarrafe a dakalin zauren. Kowane magaji ya sa hannu, masu aure a nesa sun aiko da wakilai da takarda. Dillalin da ya kawo tayin farko na ba shi wani abu, ko da yake ba ta hannunsa aka ƙare ba, don ya yi zirga-zirga.

Wani abokina lauya ya ja kunnena cewa takardar ciniki ba ita ce ƙarshe ba. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum ke riƙewa izinin zama ne da amfani, wanda a cikin gari gwamna ke bayarwa, a karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da na gargajiya. In gwamnati ta buƙaci wuri don aikin jama'a, diyyar da ake lissafawa ta abin da ke kan ƙasar ce, gini ko shuka. Wannan ya sa na yi shiru na ɗan lokaci. A wurin dillali ginin banza ne, ƙasar ce kuɗi. A wurin doka kuwa ginin ne abin da za a biya ka. Zan fara neman takardar mallaka bayan gyara.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Yau ce ranar da na fi jin daɗi tun da aka fara. Gwaggo ta aika aka kira Baba magini, wanda mahaifinsa ne ya ɗaura rufin zaurenmu. Ya haura saba'in, yana dogara sanda, amma da ya shiga zauren sai ya jingine ta. Ya bi bango yana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa, yana kasa kunne. Inda ya ji sauti kamar na ganga, sai ya yi alama da gawayi.

Duk wuraren da ya yi wa alama, inda aka shafe da siminti ne shekarun baya, da niyyar a huta da yaɓe. Ya ce, "Ɗana, bangon ƙasa numfashi yake yi. Yana shan danshi da damina, ya fitar da rani. Ka sa masa rigar siminti, danshin ya rasa hanyar fita, sai ya ci shi ta ciki." Ya sa wuƙa ya ɓamɓaro wani falle kamar faifai. Bayansa ƙasar ta koma gari, ga hanyoyin gara.

Ya nuna mini abubuwan da na yi shekara arba'in ina wucewa ta ƙarƙashinsu ban lura ba. Gindin bango ya fi kamu biyu kauri, yana sirancewa yayin da yake hawa, don nauyi ya zauna a ƙasa. Azara, wadda ake tsagowa daga giginya, gara ba ta cinta, amma ba ta ɗaukar nauyin rufi in tazarar ta wuce kamar ƙafa shida. Shi ya sa in ana son ɗaki mai faɗi sai a yi bakan gizo: a jera azara daki-daki, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa, har ɓangarorin su haɗu a sama. Inda bakuna suka gicciye a tsakiya, shi ne ɗaurin guga. A namu akwai tsohuwar tasa da aka manna a mahaɗar, ta yi baƙi da hayaƙin fitila.

Hukuncinsa: zaure lafiya lau, yaɓe kawai yake so da sabon indararo. Soron gabas sai an buɗe rufinsa. Ɗakin da ke kusa da rijiya ya tafi, a sauke shi a sake. Kuma komai ya ƙare kafin ruwan farko. Na ce masa Yaya ya ba da shawarar a sake ɗakin da bulo. Ya ce buhun siminti ya haura dubu goma bara, ƙasa kuwa ga ta a jikin ɗakin, a jiƙa ta a sake kwaɓawa. Sannan ya ƙara da cewa, "Da tsohuwar zuma ake magani."

Asabar, 25 ga Janairu

Ƙasar tsohon ɗakin ba ta isa ba. Kududdufin bayan gari, inda kakanninmu suka haƙi ƙasar da suka gina unguwar, an cike shi da shara an yanka fulotai. Sai da na sayi jar ƙasa tifa uku daga nesa. Baba ya damƙi ta farko, ya tofa mata ruwa, ya mulmula, ya ce yashi ya yi yawa. Ta biyu da ta uku ya karɓa.

Na tambaye shi ruwan unguwa ina zai je bana, tunda can yake taruwa. Ya ɗaga kafaɗa ya ce ruwa ba ya manta hanyarsa.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Tubali dubu biyu da ɗari uku sun bushe a tsakar gida, a jere kamar tulin gwanda. Samari huɗu ne ke kwaɓa da ƙafa, a zuba ciyawa, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, a sake takawa. Biyu daga cikinsu ba su taɓa yin tubali ba, bulo suka iya ɗorawa. Da farko suna ta dariyar abin, yanzu gasa suke yi wa zai fi jefa wa Baba tubali daidai hannunsa yana bisa bango. Ɗan autansu ya fara tambayar yadda ake fitar da zanko. Baba ya ce 'ya'yansa biyu duk A Daidaita Sahu suke ja, ba wanda ya karɓi sana'ar, don haka in yaron yana so, ƙofa a buɗe take.

An buɗe rufin soron gabas. Cikin azara talatin da takwas, tara ne kawai suka lalace, su ma ta bakin da indararo ya toshe ruwa ya kwanta. Sauran an kankare su, za su koma inda suka fito. A cikin wata alkuki da aka toshe mun sami allon Malam da tawadar da ta bushe a ƙoƙo. Gwaggo ta karɓa, ta shiga ɗaki, ba ta fito ba sai magariba.

Asabar, 8 ga Maris, 8 ga Ramadan

Da azumi aiki daga bayan asuba ne zuwa hantsi. Na kwana biyu a garin, karo na farko cikin shekaru.

Da la'asar sakaliya yara ke fita da kwanuka, kunun tsamiya ya shiga wannan gida, ƙosai ya fito daga wancan. Kwano shida suka shigo wa Gwaggo, ita ma ta fitar da shida. Bayan tarawihi dattawa suka hau dakalinmu kamar yadda suka saba tun zamanin Malam, ba wanda ya gayyace su, ba kuma wanda ya nemi izini. Jirgi ya taso daga filin Malam Aminu Kano, a yi shiru har ya wuce, a ɗora daga inda aka tsaya. A nan na gane dalilin da ya sa Gwaggo ta ambaci zaure ba ɗakinta ba. A zauren ake ɗaurin aure da raɗin suna, a nan ake sulhu, a nan ake zaman makoki, baƙo ya kwana ba tare da ya shiga cikin gida ba. Sababbin gidajen bayan gari ba mai zaure ko ɗaya. Get ne na ƙarfe da doguwar katanga, don fuloti mai ƙafa hamsin ba ya ɗaukar ɗakin da ba na kwana ba.

Ba na zargin masu gidajen. Malaman makaranta ne, ma'aikatan asibiti, 'yan kasuwar Kwari da Singa, mutanen da haya ta koro daga birni. Da ban sayar da fulotina ba, irin gidan da zan gina ke nan. Suna fita da asuba su dawo bayan isha, garin wurin kwana ne a gare su.

Maƙwabcinmu na kudu ya ba ni labarin gonarsa. Ya sayar shekara huɗu da suka wuce, ya aurar da 'ya'ya mata biyu, ya saya wa babban ɗansa abin hawa, ya je Umra. Ba abin da ya yi na ɓarna a ciki. Masu fulotan da ba su fara gini ba sun bar shi yana shuka wake da gyaɗa tsakanin turaku, kowace shekara wurin na raguwa. Ya ce, "Ni da nake cika rumbu biyu, yau tiya-tiya nake awo." Fulotin da ya sayar, an sake sayar da shi sau biyu, ya ce kuɗin ƙarshe da ya ji ya ninka nasa sau uku. Ya yi shiru, sannan ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Muka ce amin.

Asabar, 12 ga Afrilu

An sami koma-baya. Azara goma sha biyu da na saya ta hannun wani, da aka kawo, Baba ya duba ya ware bakwai. Ya ce daga tsakiyar itacen aka tsago su, inda yake da laushi, ba daga gefen da ya yi baƙi ya yi tauri ba. Mai kayan ya ƙi karɓa. Na sake saye, wannan karon da Baba muka je, ya zaɓa da hannunsa. Kwana goma sha ɗaya suka tafi a banza, ga gajimare ya fara leƙowa ta gabas da yamma.

Maganar shafe ma ta ɗauki lokaci. Baba ya so a yi wa rufin laso, irin na da, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Na je Ƙofar Mata neman katsi, na samu kaɗan, bai kai na rufi biyu ba. Mun koma makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa. Ita ma sai da Gwaggo ta aika ƙauyen mijinta, don ɗorawar da ke gonakin nan yawanci an sare su lokacin awo. Makuba ba ta kai laso daɗewa ba, sai an riƙa sabuntawa. Na rubuta wannan a bangon littafin nan don kar in manta, kuma don wanda zai riƙe gidan bayana.

Zafin bana ya kai inda ya kai. Da azahar na shiga soron gabas, wanda aka gama rufewa shekaranjiya, na zauna a ƙasa. Sanyi kamar bakin randa. Leburorin ma can suke gudowa hutu, su bar rumfar kwanon da aka kafa musu.

Asabar, 31 ga Mayu

Ruwan farko mai ƙarfi ya sauka daren Laraba. Gwaggo ta sa jikanta ya kira ni da asuba. Zaure bai ɗiga ba, soron gabas bai ɗiga ba. Sabon ɗakin ya yi yoyo ta kusurwa ɗaya, inda aka gaggauta daɓen rufi. Baba ya hau da kansa ranar Alhamis, duk da na roƙe shi ya bar yaron ya hau, ya toshe, ya ce a jira ruwa na biyu a gani.

Abin da ya fi damuna a waje yake. Ruwan lungunmu, da ya rasa kududdufi, ya taru a gindin katangarmu ta yamma har ya kai idon sawu, ya yi yini guda kafin ya janye. Bangon ƙasa yana jure ruwan sama in rufi da indararo suna da kyau, amma ba ya jure tsayuwa cikin ruwa. Na je wurin mai unguwa. Ya tara mu, mu masu tsofaffin gidaje da masu sababbi, mutum goma sha huɗu, aka amince a haƙa lambatu zuwa babbar kwata, kowane gida ya kawo abin da aka yanka masa. Biyu daga cikin baƙin, yau ne na fara sanin sunayensu. Ɗaya ya tsaya bayan taro ya leƙa zauren, ya daɗe yana kallon ɗaurin guga, ya ce irinsa ne a gidan kakansa a Rano, an rushe shi yana sakandare.

Dillalin nan ya tare ni a bakin hanya. Ya ce mutuminsa ya ƙara miliyan biyar. Na ce albarka.

Abin da ya rage: lambatun, wanda za a fara gobe in Allah ya kai mu; dakalin kariya a gindin katangar yamma; zankwaye biyu na kan zaure da Baba ya ce yaron ne zai fitar da su, shi yana zaune yana kallo; sai takardar mallaka. Kuɗin hannuna sun kusa ƙarewa, soron yamma zai jira rani mai zuwa. Na saya masa leda mai kauri an rufe shi, an danne da tubalan da suka ragu.